Yadda Ake Tsayawa Takara a Zaɓen Cike Gurbi na Majalisar Dokokin Jiha

Tun da hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta gudanar da zaɓukan cike gurbi ranar 16 ga Agusta 2025 a mazaɓu 16 na jihohi 12, ciki har da Bagwai/Shanono a Kano, da Zariya Kewaye da Basawa a Kaduna, da Ganye a Adamawa, tambaya ɗaya ke ta zuwa mini, galibi daga matasa da ma'aikatan gwamnati: idan ɗan majalisarmu ya rasu ko ya ajiye kujera, ta ina mai son tsayawa zai fara, kuma nawa zai tanada?

Abin da ake yi cikin shekara guda a babban zaɓe, a cike gurbi cikin 'yan makonni ake yin sa. Shi ya sa mutane da yawa da jama'a ke so ba a rumfar zaɓe suke faɗuwa ba. Takarda ɗaya ko kwanan wata ɗaya ke kayar da su. Sassan da zan ambata na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ne da Dokar Zaɓe ta 2022, wadda a ƙarƙashinta aka yi zaɓen 2023 da cike gurbin 2024 da na 2025. A 2026 an maye gurbin wannan dokar zaɓe da sabuwa, don haka kafin ka kashe ko kwabo, ka sa lauya ya ɗauko maka kwafin da ke aiki a ranar.

1. Tabbatar kujerar ta faɗi a idon doka

Jin labari a rediyo cewa wane ya yi murabus bai isa ba. Sashe na 306 na Kundin Tsarin Mulki ya ce ɗan majalisa kakakin majalisarsa zai rubuta wa takardar ajiye kujera, kuma murabus ɗin yana fara aiki ne daga lokacin da takardar ta isa hannu. Sauran hanyoyin suna cikin sashe na 109: a naɗa shi kwamishina ko minista ko mai ba da shawara, ya koma wata majalisar, ya ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman shekara ba tare da uzuri ba, a yi masa kiranye, ko ya sauya sheƙa. Sai kuma rasuwa. Naɗin muƙami ne ya haifar da da yawa daga cikin zaɓukan ranar 3 ga Fabrairu 2024, bayan Ibrahim Gaidam da David Umahi sun bar majalisar dattawa sun zama ministoci, Yusuf Tanko Sununu shi ma ya bar kujerar majalisar wakilai ta Yauri/Shanga/Ngaski.

Ko ta wace hanya ce, sai kakakin majalisa ya bayyana kujerar a matsayin wadda ba kowa, an rubuta wa INEC, sannan hukumar za ta motsa. Ka je ofishin akawun majalisa ka tambaya ko takardar ta tafi, da ranar da ta tafi.

Hattara da batun sauya sheƙa. Doka ta ce wanda ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya rasa kujera, sai dai in jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata. A shari'ar Ifedayo Abegunde ta 2015 Kotun Ƙoli ta ce rabuwar dole ta kasance ta uwar jam'iyya ta ƙasa, rikicin reshen jiha bai isa ba. Amma a aikace, in kakakin da mai sauya sheƙar tafiyarsu ɗaya, ba zai bayyana gurbi ba. Dubi Ribas: a Disamba 2023 'yan majalisa 27 suka yi shelar komawa APC, aka yi ta shari'a, har Kotun Ƙoli ta bar su a kujerunsu a Fabrairu 2025. Kada ka sayar da gona saboda wani ya sauya hula. Haka ma kiranye: yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar, kuma yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a 2018 a matakin tantance sa hannu ya mutu.

Kujerar gwamna ba ta cikin wannan lissafi, mataimaki ne ke hayewa. Ta kansila da ta shugaban ƙaramar hukuma kuwa hukumar zaɓe ta jiha ce ke da su, irin KANSIEC a Kano.

2. Nemi jadawalin INEC ka manna a bango

Sashe na 116 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a cike gurbi cikin wata guda, muddin ba a cikin watanni uku na ƙarshen wa'adin majalisar ya auku ba. A zahiri INEC kan tara gurabe ta yi su rana ɗaya. Ɗan majalisar Bagwai/Shanono a 2024 ya rasu, amma sai Agusta 2025 aka yi zaɓen. Wannan jinkiri zalunci ne ga mazaɓar da ta zauna ba wakili, amma kai mai niyya lokacin shirinka ke nan, domin ranar da jadawali ya fito komai zai zo a guje.

Ranaku biyar za ka ja wa layi: wa'adin zaɓen fid da gwani, ranar rufe shafin tura sunayen 'yan takara, ranar liƙa bayanan 'yan takara, ranar rufe karɓar sunayen ejan (wakilanka a rumfunan zaɓe), da ranar zaɓe. Ka karɓi jadawalin daga shafin INEC ko ofishinta na ƙaramar hukuma. Kada ka dogara da hoton da wani ya turo a WhatsApp.

3. Binciki kanka kafin abokin hamayya ya bincike ka

Sharuɗɗan sashe na 106 na Kundin Tsarin Mulki huɗu ne: ɗan Najeriya, shekara 25 (a da 30 ne, gyaran 2018 ya sauko da shi), ilimi aƙalla matakin kammala sakandare ko makamancinsa, da jam'iyyar da za ta tsayar da kai. Babu ɗan takara mai zaman kansa. Sashe na 107 kuma ya lissafa abubuwan da ke hana mutum, ciki har da hukuncin kotu kan zamba ko rashin gaskiya cikin shekara 10 da suka wuce, da zama ɗan ƙungiyar asiri, da gabatar wa INEC takardar jabu.

A nan nake so ka zauna da kyau. Ɗauko duk takardunka ka shimfiɗa su a tabarma: ta firamare, ta WAEC ko NECO, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, ta shaidar ƙaramar hukuma, katin zaɓe, lambar NIN, katin jam'iyya. Ka karanta suna harafi-harafi. Mu nan Arewa wannan ne ciwonmu: a firamare an rubuta wa yaro sunan garinsu, a sakandare sunan mahaifi, a katin zaɓe ya ƙara laƙabin kaka. Muhammad a wata takardar, Mohammed a wata, Mamman a ta uku. Shekarar haihuwa kuma an rage ta lokacin neman aiki. Duk wannan abin ƙara ne. A Bayelsa, ranar 13 ga Fabrairu 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon a matsayin gwamna, Kotun Ƙoli ta soke nasararsa saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa.

In ka ga saɓani, ka kai wa lauya tun yau ya duba ko takardar canjin suna da sanarwa a jarida za su wadatar, ko sai hukumar da ta ba da takardar ta gyara da kanta. Rantsuwar kotu ba ta gyara sunan da ke kan takardar jarrabawa.

Shawara ta biyu: kada ka cika fom da takardun da ba a tambaye ka ba. In kana da sakandare mai tsabta da wata difloma da kake shakkar makarantar da ta ba ka, ka tsaya a kan sakandaren. Ba a ƙara wa mutum ƙuri'a saboda yawan digiri, amma takarda ɗaya mai rauni tana iya cinye kujera.

4. Ajiye aiki a kan lokaci, kuma da shaida

Nau'i biyu ne, ana yawan cakuɗa su.

Ma'aikacin gwamnati, na tarayya ko na jiha, malami ne ko ma'aikacin asibiti ko na ma'aikata: Kundin Tsarin Mulki ya ce ya ajiye aiki ko ya yi ritaya aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Mai muƙamin siyasa kuwa, kwamishina ko mai ba gwamna shawara ko mataimaki na musamman, sashe na 84(12) na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana shi yin zaɓe ko a zaɓe shi a taron fid da gwani yana kan muƙamin. Nasa wa'adin ya riga na ma'aikaci zuwa. Wannan sashe ne ya sa ministoci irin su Rotimi Amaechi da Godswill Akpabio suka sauka a Mayu 2022.

Yadda za ka yi takardar: gajeriya, da kwanan wata, da ranar da murabus zai fara aiki, zuwa ga hukumar da ta ɗauke ka, ta hannun shugaban sashenka. Ka yi kwafi uku. Ka kai da kanka, a buga maka hatimin karɓa mai kwanan wata da sa hannu a kan kwafinka. Wannan kwafin mai hatimi shi ne abin da kotu za ta nema. In ƙa'idar aikinka ta ce sanarwar wata guda ko biyan albashin wata a madadinta, ka biya ka riƙe rasit.

Ga kuskuren da ya fi yawa: mutum ya miƙa takarda, albashi ya ci gaba da shigowa asusunsa, ya yi shiru ya ci. Abokin hamayya zai sa kotu ta kira bayanan banki. In kuɗi ya shigo bayan ranar murabus, ka rubuta wa ma'aikatar, ka mayar, ka ajiye shaida. Kuma hutu ba tare da albashi ba ba murabus ba ne, kada wani ya ruɗe ka da shi.

Ka yi shawara da iyalinka kafin wannan mataki. Kujerar da kake nema ragowar wa'adi ce kawai, watakila shekara ɗaya da rabi, aikin da za ka bari kuwa na shekara 35 ne.

5. Karanta mazaɓar kafin ka buga fosta

Babu sashen doka da ya yi maganar karɓa-karɓa a mazaɓar ɗan majalisar jiha, amma ita ce ke yanke hukunci a wurare da yawa. Mazaɓar da ta haɗa ƙananan hukumomi biyu, ko masarautu biyu, ko ƙabilu uku, tana da fahimtar juna da dattawa suka ƙulla, sau da yawa ba a rubuce ba: wannan ɓangare ya ɗauki ɗan majalisa, wancan ya ɗauki shugaban ƙaramar hukuma. A cike gurbi maganar ta fi zafi, domin ɓangaren marigayin ko wanda ya sauka za su ce a bar su su ƙarasa wa'adinsu. Sau da yawa ma jam'iyya kan duba ɗansa ko ƙaninsa saboda tausayin jama'a.

Ka tambayi kanka da gaskiya: zangon namu ne? In ba naku ba ne, kana iya cin fid da gwani da kuɗi, ranar zaɓe 'yan jam'iyyarka na ɗaya ɓangaren su yi maka zagon ƙasa. A wuri irin Ganye, inda Chamba da Fulani da sauransu ke zaune tare, ko Basawa, inda Samaru ta tara mutanen kowace jiha, ko Chikun da Kajuru da ke da Gbagyi da Adara da Hausawa da Fulani, wanda ya ce mutanena kaɗai sun ishe ni ya yi asarar rabin akwatuna tun bai fara ba. Kuma ko da lissafin ya ba shi, ba wakilci ya yi ba. Wanda ya ci zaɓe da raba unguwa, shi zai zauna da rabuwar bayan an kwashe akwatuna.

Aikin da za ka yi a nan na takarda da biro ne. Samo sakamakon zaɓen da ya gabata rumfa-rumfa. Ka rubuta kowace gunduma, yawan rumfunanta, masu rajista, waɗanda suka fito, da wanda ya ci. Fitowar jama'a a cike gurbi kan yi ƙasa sosai da ta babban zaɓe, don haka ƙuri'u kaɗan ne ke raba gardama. Sannan ka fara zagayen gaisuwa: hakimi da dagatai, limamai da fastoci, sarakunan baƙi na unguwanni, shugabannin mata, 'yan kasuwa, 'yan acaɓa da direbobi. Ka je da ɗan wurin wanda suke ganin girmansa, ya yi magana da harshensu, kai kuma ka fi saurare fiye da surutu.

6. Fom da lissafin kuɗi

Ka fara tabbatar da sunanka na cikin rajistar jam'iyya ta gundumarka, kuma ka biya kuɗin wata-wata. Dokar 2022 ta wajabta wa jam'iyya miƙa wa INEC rajistar 'ya'yanta kwana 30 kafin fid da gwani. Wanda ya shigo jam'iyya jiya yana buƙatar takardar sassauci daga uwar jam'iyya, a rubuce.

Fom biyu ne, na nuna sha'awa da na takara. Don ka san ma'auni, a 2022 APC ta sayar da na majalisar jiha naira miliyan 2, PDP kuma naira 600,000, kuma dukkansu sun yi wa mata da matasa rangwame. Kowane cike gurbi jam'iyya kan fitar da sabon farashi, reshen jiha kuma ya ɗora nasa kuɗin hidima. Ka biya ta banki, cikin asusun da sanarwar jam'iyya ta ambata. Kada ka damƙa wa kowa kuɗin fom a hannu, ko da shugaban jam'iyya ne.

Dokar 2022 ta ƙayyade wa ɗan takarar majalisar jiha kashe abin da bai wuce naira miliyan 30 ba. Ka raba abin da kake da shi tun farko, kuma kason ranar zaɓe da na lauya ka kulle su, kada ka taɓa. A misali, in mazaɓarka na da rumfuna 150, ka ware wa kowane ejan naira 10,000 na abinci da mota da katin waya, miliyan ɗaya da rabi ta tafi kafin ka zo kan ejan na gundumomi da man mota. Mutane da yawa kan ƙarar da kuɗinsu a kan fosta da mawaƙa da sojojin baka, ranar Asabar su rasa na sallamar masu tsare musu akwati.

7. Zaɓen fid da gwani

Dokar 2022 ta amince da hanya uku: 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya zai zaɓa, da ta daliget, da maslaha. Ka san waɗanda doka ta yarda da su a yanzu, da wadda jam'iyyarka ta zaɓa, tun kafin ka sayi fom, domin kowace da irin aikinta. In daliget ne, ka nemi jerin sunayensu da uwar jam'iyya ta amince da shi, ka bi su gida-gida. In maslaha ce, sashe na 84(9) ya ce sai duk waɗanda aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye da son ransu. In ba ka yarda ba, kada ka sa hannu don kunyar uban gida, ka dawo kana kuka daga baya. Sa hannun ya rufe maka ƙofar kotu.

Abu uku za ka tabbatar a ranar. Kwamitin da ke gudanar da zaɓen daga hedikwatar jam'iyya ta ƙasa aka turo shi, domin kotuna sun sha cewa shugabannin jiha ba su da hurumin shirya fid da gwani. Jami'an INEC suna wurin suna sa ido. Wurin kuma shi ne wanda aka sanar wa INEC. In jam'iyyarka na da ɓangare biyu a jiha, kowanne da nasa taron, ka bi wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa ko da ba can abokanka suke ba.

Wanda ya raina wannan ya tuna Zamfara. Ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin fid da gwani ba, ta mayar da ƙuri'unta na banza, tun daga gwamna har 'yan majalisar jiha, kujerun suka koma hannun PDP. Ka karɓi kwafin sakamako mai sa hannu kafin ka bar filin, sannan ka rubuta wa INEC ka nemi kwafin rahotonta mai hatimi.

8. Fom EC9 da kwana 14

In ka ci, za ka cike EC9, fom ɗin bayananka, ka yi rantsuwa a kansa a babbar kotu. Ka cike shi da lauya a gefenka, kowane layi ya dace da takardun da ka haɗa. Masu tsayar da kai dole su kasance masu rajista a mazaɓar. Hedikwatar jam'iyya ta ƙasa ce ke tura sunanka ta shafin INEC na intanet, kuma shafin yana rufe kansa idan lokaci ya cika. Ka tafi Abuja ko ka tura amintaccenka ya tsaya har a ba shi takardar shaidar an tura. Ranar da INEC ta liƙa bayanai a ofishinta, ka je ka duba da idonka cewa sunanka ne a wurin.

In kuwa an yi maka maguɗi, ko an musanya sunanka, sashe na 285(9) na Kundin Tsarin Mulki ya ba ka kwana 14 kacal daga ranar da abin ya faru ka shigar da ƙara, a Babbar Kotun Tarayya. Asabar da Lahadi na cikin lissafi. Dattawa za su ce ka yi haƙuri ana kan sulhu. Ka girmama su, ka halarci zaman, amma ka shigar da ƙarar, domin ana iya janye ƙara, ba a iya dawo da kwana 14. Ka ɗauki lauyan da ya saba shari'ar zaɓe. Bashir Machina ya yi nasara a kotuna biyu kan takarar kujerar sanatan Yobe ta Arewa, amma a Fabrairu 2023 Kotun Ƙoli ta bai wa Ahmad Lawan saboda hanyar da aka bi aka shigar da ƙarar.

9. Yaƙin neman zaɓe

Lokaci kaɗan ne, don haka gida-gida da majalisa-majalisa sun fi babban gangami amfani. Ka nemi masu katin zaɓe a hannu, domin su kaɗai BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, za ta tantance. In za ka yi taro ka sanar da 'yan sanda a rubuce. Kamfe yana tsayawa awa 24 kafin ranar zaɓe.

Doka ta hana kamfe a masallaci da coci da ofishin gwamnati, kuma sashe na 97 na Dokar 2022 ya tanadi tarar naira miliyan 1 ko ɗaurin wata 12 ga ɗan takarar da ya yi kamfe da addini ko ƙabila. Ka ja kunnen yaranka na Facebook da TikTok, abin da suka rubuta da sunanka za a karanta shi. 'Yan daba kuma kada ka ɗauka ko an ce kariya ce. A cike gurbi ana tara jami'an tsaron jiha guda a ƙananan hukumomi ɗaya ko biyu, kuma rumfar da aka tarwatsa sokewa ake yi, ko da taka ce.

10. Ejan: nan ne zaɓen yake

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar 2022 ta ce a miƙa sunayen ejan kwana 14 kafin zaɓe, da hotuna biyu da samfurin sa hannu, kuma ta hannun jam'iyya ake turawa. Wanda ba shi da katin INEC a wuya, jami'in tsaro na da ikon kore shi. Masu riƙe da muƙamin siyasa, irin kwamishina da shugaban ƙaramar hukuma da kansila, ba sa zama ejan.

Ka zaɓi ɗan unguwar, mai karatu da lissafi, mai waya da caji, wanda ba a saye da kuɗin shayi. In jam'iyya ta ce ita za ta cike sunayen, ka zauna a yi tare da kai. Ka tara su kwana biyu kafin zaɓe ka koya musu wannan:

Su isa kafin ƙarfe 8:30 na safe, su ga an nuna akwati ba komai a ciki, BVAS kuma tana kan sifili. Ƙarfe 2:30 na rana ake rufe layi, amma duk wanda ke kan layi sai ya jefa. Bayan ƙirga, su duba adadin waɗanda BVAS ta tantance su gwada da jimlar ƙuri'u. In ƙuri'u sun haura waɗanda aka tantance, aringizo ke nan, sashe na 51 na Dokar 2022 ya ce a soke rumfar. Don haka mai ƙara maka ƙuri'a a akwatin da kake da rinjaye cutar ka yake yi. Su tabbatar lambobi da kalmomi sun dace a fom EC8A, takardar sakamakon rumfa, an sa hannu an buga hatimi, an ɗauki hotonsa an tura IReV, shafin INEC na duba sakamako, sannan su karɓi kwafinsu su ɗauki hoto su turo maka nan take. Kada ejan ya sa hannu a fom da ba a cike ba, kada kuma ya tafi salla ko cin abinci ba wanda ya bari a wurin.

A Dokar 2022, sayen ƙuri'a laifi ne mai tarar naira 500,000 ko ɗaurin wata 12, kuma yana cikin dalilan soke zaɓe. An hana tallar ɗan takara a cikin mita 300 daga rumfa.

11. Ɗakin tattara sakamako

Daga rumfa sakamako zai tafi gunduma a shigar da shi EC8B, daga nan zuwa cibiyar mazaɓa. Yawancin ɓarna da dare take faruwa a nan, lokacin da kowa ya gaji. Ka sa mutanenka mafi natsuwa, kowanne da kwafin EC8A na rumfunansa da na'urar lissafi. In an karanta adadin da ya saɓa, ya yi magana a take, cikin ladabi, ya kuma miƙa ƙorafi a rubuce.

Ka san ƙa'idar tazara. In ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke ba, baturen zaɓe zai ce zaɓe bai kammala ba, a sake a waɗannan rumfuna. Haka ta faru a Ƙaura Namoda ta Kudu, a Zamfara, a 2025. Kada ka sallami ejan ɗinka ko ka ƙarar da kuɗinka kafin a bayyana wanda ya ci. In kuma an tilasta wa baturen zaɓe ya faɗi sakamako, sashe na 65 na Dokar 2022 ya bai wa INEC kwana 7 ta sake dubawa, sai ka rubuta mata a daren.

12. Bayan sanarwa

In ba ka gamsu ba, kwana 21 gare ka daga ranar sanarwa ka kai ƙara kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Dole ƙarar ta tafi tare da sunayen shaidu, da bayanansu na rantsuwa, da jerin takardu, duk a cikin kwanakin nan. Washegarin zaɓe ka nemi kwafin EC8A da rahoton BVAS masu hatimin INEC, ka biya kuɗinsu ka riƙe rasit. Shaidar abin da ya faru a rumfa daga bakin ejan ɗin rumfar ake karɓarta, ba daga bakinka ba. Kotun na da kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60.

Ka sani cewa shari'ar ɗan majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. A Filato, a 2023, kotun ta cire 'yan majalisar jiha 16 na PDP kan batun shugabancin jam'iyya. A Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta yi watsi da wannan hujjar a shari'ar gwamna Caleb Mutfwang, amma su 'yan majalisar ba su da inda za su ɗaukaka. Don haka ko kai ka ci, ka riƙe lauyanka da takardunka har kwana 21 su wuce ba a kai ka ƙara ba.

INEC za ta ba ka takardar shaidar cin zaɓe cikin kwana 14. Ka kai ta ofishin akawun majalisa, ka karɓi fom ɗin bayyana kadara na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ka cike shi da gaskiya, domin sashe na 94 na Kundin Tsarin Mulki bai yarda ka zauna a zauren ba sai ka bayyana kadarorinka ka yi rantsuwa a gaban kakakin majalisa. Wa'adinka zai ƙare ne rana ɗaya da na sauran 'yan majalisar da ka tarar.